Wanda Bai Share Hanyarsa Ba

A Flagstaff, garin da ake rage fitilu da dare
don kada hasken titi ya kori taurari,
ni ne mai sharar makarantar da ke gindin tudu.
Shekara goma sha ɗaya ina zagaye
aji ashirin da biyu, da bokiti da tsumma,
in kulle ƙofa ƙarfe goma, in kama bas ɗin ƙarshe.

A aji shida akwai ƙwallaye tara
rataye a silin da zaren fatsa.
Rana ƙwan lantarki ce da aka shafa wa fenti.
Mushtari ƙato, ka ce kabewa,
Zuhal da zobensa na kwali ya ɗan karkace.
Can kusa da taga, inda gizo-gizo ke saƙarsa,
ɗan auta, bai kai goriba ba:
Fuluto.

Wata Litinin Malama Begay ta bar mini takarda
manne a jikin allo:
"Tanimu, don Allah ka kawo tsani
ka sauke na taran. An ce ba duniya ba ne."

Da safe na tare ta a bakin ƙofa. Wa ya ce?
Ta ce masana ne suka taru a wani zaure mai nisa,
suka yi gardama har maƙoshi ya bushe,
suka ɗaga hannu, aka ƙirga.
Sharaɗi uku ga duk mai son sunan.
Ya kewaya rana. Yana kewayawa.
Nauyinsa ya dunƙule shi kamar curin fura. Ya dunƙule.
Na uku, ya share hanyarsa,
ya haɗiye tarkacen da ke gabansa ko ya kore shi.
A nan ya faɗi, in ji ta.
Hanyarsa cike take da ƙanƙara da duwatsu,
dangi ne dubbai suna tafiya kafaɗa da kafaɗa,
har an gano wata can baya da ta fi shi nauyi.
In an bar shi a gida, sai an buɗe musu ƙofa duka,
yara su haddace sunaye har illa masha Allahu.
Shi ya sa aka ce wada ne.

Na tsaya da tsintsiya a hannu ina dariya.
Ashe a sama ma da shara ake samun suna!
Da haka ne a ƙasa
da tuni an naɗa ni Mushtari.

Daga tagar ajin ana hango tudun,
inda wani saurayi ya kwana yana duban hotunan sama
har ya ga ɗigo ɗaya ya motsa.
A garin nan aka yi masa suna,
amma ba a nan aka tuɓe masa rawani ba.
Malama ta ce zagayensa ɗaya
shekara ɗari biyu ne da arba'in da takwas.
Wato aka raɗa masa suna, aka yi biki,
aka buga shi a littafi, aka goge,
shi kuwa ko sulusin hanya bai ci ba.
Ban ce ma ya ji labari ba.

Daren nan na hau tsani, gwiwata tana ƙara.
Na sa almakashi.
Ƙwallon tebur ce ashe, an yi mata fenti ruwan toka,
a ƙarƙashi an rubuta da hannun yaro:
Ignacio.
Ban san shi ba. Ƙila yanzu yana da gemu.

Kwandon shara yana nan gefena, baki buɗe.
Ni da na zubar da abin duniya iri-iri a cikinsa,
sai na ga hannuna ya nufi aljihu.

Na manta da shi har Asabar.
Kyauta, 'yata, ta kira ni daga ɗakin wanki:
"Baba, zo ka ga wani abu!"
Ga shi can bayan gilashin inji,
tsakanin safa da rigar aikina da kumfa,
yana zagaye,
yana ƙwanƙwasa ƙarfe a kowane juyi,
bai kori kowa daga hanya ba.

Ƙusar tana nan a silin har yau.
Kowane dare ina share ƙarƙashinta.