Kaza Gida Ce

Ruwan sama ya tsayar da aiki a Panteka.
Na kashe injin walda, na jingina da tsohuwar ƙofar bas,
na zaro ɗan littafin nan mai jan bango
wanda ya sha gumin aljihuna shekara uku a Luwanda.

Shafin farko, rubutu kamar na mai zazzaɓi:
*ruwa*, wato titi.
Ranar da na sauka ƙishirwa ta shaƙe ni,
harshena ya suɓuce, na ce wa wata mai abinci, "Ruwa."
Ta nuna mini kwalta da haɓa,
ta ci gaba da juya kifinta.
Na tsaya ina kallon titi
kamar zai ɓuɓɓugo.

Dona Filomena sunanta.
Ita ce malamata, ba allo, ba bulala,
sai ludayi.
Ba ta zuba wake sai na kira shi da sunansa,
sunan kuwa ta hanci yake ƙarewa.
Kwana tara ina cin shinkafa tsurarta
kafin hancina ya yarda ya taya baki aiki.

Nelito, yaron da ke miƙo mini ƙarfe,
ya ce in an tashi zai wuce *kaza*.
Na ce to, a rago mini cinya.
Da na yi masa fiffike da gwiwar hannu ya gane,
ya yi dariya har ya zauna a garwar fenti.
Ashe kaza gida ce.
Daren nan ban runtsa ba,
ina tuna tsakar gidanmu,
da wata baƙar kaza mai ƙwai a bayan turmi.

An kawo takardar aiki, *mesa* goma sha biyu.
Na ƙera su tsaf, kowace da ƙafa huɗu,
ba wadda ta haɗiye kowa.
Gado kuma *kama* ne,
wannan kam ban yi musu ba.

Kowace safiya sai a ce, "*Tudu ben?*"
Tudu a wurinsu shi ne kome da kome.
In amsa da "*Tudu ben*,"
in ƙarasa a zuci: Tudun Wada.

A makon da Nelito ya koya mini
yadda ake faɗin abin da ya riga ya wuce,
a makon Sagiru ya bugo waya da asuba.
Na je gaban shugaban aiki, hular kwano a hannu.
Kalma uku ce, na jera su daidai,
ban yi kuskure ko ɗaya ba:
*mew pai morrew.*
Mahaifina ya rasu.
Ya dafa kafaɗata, ya yi magana mai tsawo.
Ranar ce ta farko da na fahimci kome,
na so a ce ban fahimta ba.

Yanzu ga ni a Kaduna, wata na sha ɗaya.
Na ce wa Ɗanliti mai shayi "*obrigadu*,"
ya ce, "Allah ya sawwaƙe, wace cuta ce kuma?"
Ba abokin hira.
Kalmomin na yin tsatsa kamar rodin da aka bari a fili.
Jiya na ɗaga guduma, na nemi sunanta na can,
na laluba, na laluba,
sai nauyinta kawai a hannuna.

Rumasa'u ce kaɗai ke tsince su,
shekararta shida, tana tara su kamar murafun kwalba.
Ta gaya wa 'yan ajinsu
babanta ya je ƙasar da ake kwana a cikin kaza.

Ga wayarta nan ta shigo, ta hannun uwarta.
"Baba, yaushe za ka dawo kaza?"
Na leƙa waje. Kwata ta cika ta tumbatsa,
'yan acaɓa sun fake a rumfar mai faci.
Na ce, "Ina tafe,
bari dai ruwa ya janye daga ruwa."