Minti Biyu a Madison

Minti biyu suka ba ni a zauren majalisar jiha,
ni da na shekara talatin ina aski a Milwaukee.
Agogo na gaban shugaban kwamiti, jar fitila na jirana.

Na ce: sunana Cleophus Tarver.
Jamarion na ɗan shekara huɗu na fara taɓa kansa.
Na ɗora shi bisa katako don ya kai madubi,
yana ihu wai injin zai cije shi.
Askinsa na ƙarshe ma ni na yi,
a ɗakin sanyi, gidan masu shirya gawa.
Wannan karon bai motsa ba,
ni ne hannuna ya ƙi tsayawa.

Ba ɗan fashi ba ne, ranku ya daɗe.
Bindigar kawun abokinsa ce, tana cikin durowa,
ƙarƙashin takardun kuɗin wuta da matattun batura,
ba kwaɗo, ba makulli.
Yara biyu, rana tsaka, uwa tana wurin aiki.

Wani mai furfura ya gyara tabarau ya ce,
doka ba ta shiga ɗakin kwanan mutum.
Na ce, harsashi kuwa ya shiga, bai yi sallama ba.
Kwalbar maganin tari ma an yi mata murfin da ya gagari yaro.
Me ya sa wannan...

Fitila ta kama. Na zauna da sauran maganata a baki.

A bas, ƙanƙara na dukan gilashi,
Odessa, kakarsa, ta raba mana burodin da ta gasa.
Ta ce, su sa hannu ko kar su sa,
jikokin da suka rage min ba za su jira su ba.
Nan take hula ta zaga, kowa ya jefa abin da ya samu.

Yanzu akwai kwando a gindin madubina
cike da kwaɗon kulle bindiga.
Kyauta ne. Ba na tambayar suna, ba na ɗaga kai.
Jiya wani ƙato ya ɗauki biyu, ya cusa a aljihu,
ya ce min sanyin bana ya yi yawa.
Na ce, ƙwarai.

An ɗage ƙudurin sai bazara. Za mu koma,
Odessa ta riga ta rubuta sunayen masu tafiya.
Katakon nan yana nan bayan ƙofa.
Ran Asabar za a kawo min wani yaro
mai tsoron inji.