Sandar Da Ba Ta Buga Ba

A taronmu ba a ɗaga hannu.
Wa zai gani?
Sanda muke bugawa a kan siminti.
Ƙwas ɗaya, na yarda ke nan.
Shiru kuwa, kowa ya san fassararsa.

Ranar Asabar, a ajin da muke ara
bayan layin dogo na Agege,
kwano na ɗigar da ragowar ruwan dare,
janareton mai walda na tari a maƙwabta,
Baba Sallau ya gyara murya:
"An aiko mana shinkafa, buhu ashirin.
Takardar godiya suke so, da hoto.
Waccan ta ƙorafi, a jingine ta tukuna."

Waccan ta ƙorafi.
Dare uku Ladidi na huda ta da tsinke,
ɗigo bayan ɗigo, har yatsanta ya yi kanta,
a kan kwatar da aka bari baki buɗe
a kwanar masu tumatir,
wadda ta haɗiye Talle har ƙugu
ta dawo mana da shi da ƙafa a karye.

"Wa ya yarda?"
Sanduna suka zubo kamar ƙanƙara.
Talatin da ɗaya.
Tawa na tsakanin gwiwoyina,
ta yi nauyi kamar taɓarya.

Shi kaɗai ya ƙirga.
Ai shi ya sa mata bakin ƙarfe
shekarar da na sauko daga motar shanu
da sabon duhu a idona.
Shi ya koya mini jin danfo
tun kwandasta bai buɗe baki ba,
yadda ake ninke ɗari biyar daban da dubu,
yadda iska ke canza wari in an doshi gada.
Ya san muryar sandata
kamar yadda uwa ke sanin tarin ɗanta a cikin goma.

"Tanimu," ya ce, "ban ji ka ba."
Na ce, "Baba, ka ji ni."

Benci ya yi ƙara.
Maikano ya ce butulu.
Asabe ta ce, "Kai kana saƙa kujera a Mende,
kana da na cefane.
Mu 'ya'yanmu ba sa cin takarda."
Ban ce ƙarya ta yi ba.
Har yau ban ce ba.

Baba bai daka tsawa ba, da ma ya yi.
Cewa ya yi, a hankali,
"Shekara ashirin ina ɗaure tsintsiyar nan."
Amsa ta zo mini har bakin haƙori:
me ranar ɗauri in ba a yi shara ba?
Na haɗiye ta.
Ba kowace gaskiya ake jifan uba da ita
a gaban jama'a ba.

Aka tashi.
Mai hoto ya ce mu yi murmushi, muka fuskanci muryarsa.
Rabona mudu uku.
Na karɓa, ba zan ɓoye ba,
aka dafa a gidana da daddare, na ci.

Amma kafin nan, a bakin ƙofa,
hannu ya sauka a kafaɗata,
wannan mai sanyin, mai ƙanshin goro.
Hanyarmu ɗaya, kamar kullum.
Bai ce komai ba, ban ce ba.
Okada ta goge mu ta wuce.
Mai ogi na kiran ciniki da Yarabanci.

A kwanar masu tumatir
sandata ta laluba, ta rasa ƙasa,
ta dawo ta sami gefe.
Ƙwas.

"Yanzu ta yi magana," in ji shi.
"Buɗe ƙafa sosai, Baba."

Muka tsallaka.
Can gaba, kusa da masallaci,
ya matse kafaɗata har na ji zafi:
"Ka gaya wa Ladidi ta sa takardar a leda.
Ɗigo ba ya son laima."