Resin Haske

Ran Litinin ce, kasuwa na ci,
wuta ta ɗauke tun hantsi.
Ina bakin shagona a Mokoyo
ina goge idon kyamara da gefen riga,
sai ga Tsahiru na gidan lanho,
littafi a hammata, alƙalami a bayan kunne.
Muka gaisa, irin gaisuwar mai bashi da mai binsa.

Ya ce, “Nomau, raba mini sana'arka biyu.
Abin da hannu ke ɗauka, haja ce.
Abin da gumi ke yi, aiki ne.
Kowanne da layinsa,
kowanne da lomar gwamnati a ciki.”

Na ce to.
Ga takarda, ga gilashi, ga katakon rataya,
daga Kano suke zuwa ta Jibiya,
'yan duwan sun riga sun ɗanɗana a Ɗan Isa.
Waɗannan na san gidansu.

Amma tsugunnon fa?
Ran sunan 'yar Barira, a Bagalam,
na yi rabin awa a kan gwiwa ɗaya
ina jiran jaririya ta buɗe ido.
Ta buɗe, na danna, ta rufe.
A wane layi zan sa rabin awar nan?

Ya ce, “Aiki.”

Wanda na tura wa ta waya kuma,
ba takarda, ba tawada,
hoto ya bi iska ya sauka a Madarumfa?

Ya sosa ƙeya da alƙalami.
Ya ce, “Iskar ma, in an biya ta, a rubuta.”

Sai na jawo masa na tsohuwar Jiratawa.
Ta zo da mijinta a ƙulle cikin gefen zane,
ɗan katin da ruwan gulbi ya cinye wa kunne,
shekara tara da binne shi.
Kwana biyu ina mayar masa da kunnen,
na aro na ƙanensa.
Ta duba, ta duba, ba ta ce uffan ba,
ta ajiye dala ɗari da ƙullin kuka.
Na ce, “Tsahiru, cire naka a cikin kukar.”

Bai yi dariya ba.
Ya ce, “Ni ma aiko ni aka yi.
Kuɗin ba naka ba ne, ba nawa ba,
ajiya ce mai saye ke bar maka,
kai kuma ka kai ƙarshen wata.
Kwaltar da babur ɗinka ke bi, da me aka zuba ta?”
Na ce, “Wace? Mai ramin nan na gaban famfo?”
Nan ya murmusa.

Na yarda dai, ba don ya kayar da ni ba.
Ɗan dako ba ya cin kayan da ke kansa.
Na samo gwangwanin madara, na huda murfin,
duk jikar da ta shigo sai in gutsure mata kunne
in jefa ciki.
Ɗana Ma'azu na kiransa tulun gwamnati.
Sau biyu na buɗe shi da dare, ban ɓoye ba,
sau ɗaya na mayar.

Ran Juma'a, bayan an sauko,
sai ga Tsahiru, ba littafi,
ya sha shadda, ya karya hula,
yana son hoton kati guda huɗu.
Ya zauna gaban farin ƙyalle, ya haɗiye tumbi.
Na ce ɗaga haɓa. Ya ɗaga.
Yau ni ke ba da umarni.

Da zai biya, ya rage murya:
“Tsakaninmu, ai ba sai da resi ba.”

Na lashi yatsa, na buɗe sabon shafi.
Takarda, layinta.
Aiki, layinsa.
A ƙasa na rubuta lomar gwamnati,
na buga hatimi har tebur ya amsa,
na miƙa masa da hannu biyu.
Silallansa suka faɗa gwangwani,
ya tsaya yana sauraren ƙararsu.