Neman Tasha

Ni mai gyaran rediyo ne a Dilimi.
Shekara ashirin kunnena na manne da shuuu,
ina murɗa allura a hankali
har murya ta fito daga cikin hayaniya.
Amma tun da kududdufin kuza ya haɗiye Tanimu,
ƙanena, wata Laraba da la'asar,
kaina ya zama akwatin da ba ya kama ko'ina.

Uwani ce ta fara magana:
"Barcinka ya yi ƙaura, tuwonka kaji ke ci.
Akwai masu sauraren damuwa, je ka gan su."
Na ce, namiji da gemunsa ya biya kuɗi don ya yi magana?
Ta ce, "Kai ba kuɗi ake ba ka don rediyo ta yi magana ba?"

Na farko yana hawa na biyu, wajen Taminus.
Takardun shaida sun cinye bangonsa.
Kafin in ce ƙanena, ya duba agogo.
Kafin in ce ruwa, ya sake dubawa.
Bironsa ya fi kunnensa sauri.
Ban ce bai iya ba, ya iya.
Batir ne mai kyau,
gidan batirina ne bai ɗauke shi ba.

Na biyu ɗan unguwarmu ne, Malam Ɗayyabu,
mutumin kirki, har shayi ya zuba mini.
Sai dai ya san kawuna, ya san surukina,
sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a.
Ina buɗe baki ya ce, haƙuri.
Malam, na san haƙuri,
da shi nake karyawa, da shi nake kwana.
Na fito da ƙunshina a ɗaure
kamar yadda na shiga da shi.

Wata biyu ban nemi kowa ba.
Sanyin Jos ya zo ya wuce ta kaina.

Ta uku tana Tudun Wada, bayan masu gasa masara,
ɗaki ƙarami, kujera biyu, labule ya koɗe.
Sunanta Chundung.
Hausarta ba ta damu da raba "ka" da "ki" ba.
Gicciye a wuyanta, carbi a aljihuna.
Na ce a raina, an yi asarar kuɗin keke.

Ta ce, "Yau gwaji ne, kai ma gwada ni.
In ban yi maka ba, faɗa, in nuna maka wani."
Sai na yi mata tambayar mai sayen tsohuwar rediyo:
Abin da na faɗa zai ƙetare ƙofar nan?
Nawa ne, don aljihuna ba zurfi?
Za ki ce in ajiye addu'ata?
Ta amsa ɗaya bayan ɗaya, ba ta ji haushi ba.

Sannan ta yi shiru.
Ba shirun mai jiran in gama ba,
shirun wanda ya matsa ya ba ka gefen tabarma.

Can ta ce, "Yaya yake dariya?"

Shekara guda kowa na tambayata yadda ya mutu.
Na ce, da hanci yake yi, kamar babur ya ƙi tashi.
Na yi dariya, sai dariyar ta karye a tsakiya.
Ba ta miƙo mini haƙuri ba,
ta turo kwalin tishu kawai, ta bar ni.

Ban warke ba, kada in yi ƙarya.
Rabin dare nake samu, wani lokaci ƙasa da haka,
har yau ba na bin hanyar kududdufin.
Abokina Sallau ya je wurinta, ya ce ba ta yi masa ba,
shi mai agogon nan ne ya dace da shi.
Ban yi musu ba,
mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Duk Alhamis ina rufe shago da wuri.
Allurar ta tsaya a wani wuri siriri.
Akwai sauran shuuu,
amma can ƙasa ana jin mutum yana magana,
kuma muryar tawa ce.