Zalɓe

A Belem, bayan kasuwar kifi,
akwai rumfar da ake facin taya.
Ta mahaifina ce, Deusdete,
mutumin da gwiwarsa ta hagu
kan riga rediyo sanar da zuwan ruwa.

Yaran layinmu sun san shi:
tsohon da ke hura musu ƙwallo kyauta,
ya danna ta da babban yatsa, ya ce, "Ta yi."
Ba wanda ya taɓa tambayar
inda yatsan ya yi karatu.

Da can Zalɓe ake ce masa,
don tsawon ƙafa da iya jira.
Shekara goma sha ɗaya yana tsaron baya.
Rigar ƙasa kuwa, sau ɗaya aka kira shi,
ya ɗumama benci har aka busa tashi,
ya dawo da ita ko gumi ba ta sha ba.
Tana akwatin Mama, ƙarƙashin takardar aurensu.

Jiya an yi musu a shagon aski.
Ubiratan mai almakashi ya rantse
Baba na cikin goman farko da garin nan ya haifa.
Wani direban tasi ya laluba wayarsa,
ya ce layi huɗu kacal aka rubuta a kansa,
ranar haihuwar ma an kuskure.
Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.
Baba na kan kujera, kumfa har kunne,
bai ce uffan ba,
don reza na kan maƙogwaronsa.

Amma akwai wani ɗan gari a Turkiyya, bakin teku,
inda ya yi kaka biyu kafin a haife ni.
Can ya tare wata ƙwallo a kan layi, da fuska.
Da ta shiga, da sun gangara rukunin ƙasa.
Haƙora biyu ya bari a filin.
Duk watan Mayu wasiƙa kan zo
daga wani mai gidan burodi,
cikin harshen da ba mai karanta mana.
Hoton ciki dai muna ganewa:
allon shago, da sunan Baba ɓaro-ɓaro,
an ci masa harafi ɗaya.

Na taɓa tambayarsa,
"Baba, wai kai shahararre ne?"
Yana tsugune gaban daro,
ya nutsa tif a ruwa yana juyawa a hankali,
yana neman inda kumfa za ta tona asirin huda.
Ya ce, "Ya danganta da tashar da kika sauka."
Ya samu wurin, ya ɗora yatsa.
"Miƙo min gam."

Can sai ga wani yaro a guje,
rigarsa ɗauke da sunan wani ɗan wasan daban,
ƙwallo a hammata, ta yi laushi kamar gwanda.
"Tsoho, iska!"
Baba ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara.
Ya dubi sama ya ce, "Ku yi sauri,
kafin ƙarfe huɗu za a yi ruwa."