Allon Oshodi

Yau ma gosulo ya tsare mu a Oshodi,
daidai ƙarƙashin allonka, Hambali.
Farar katifa, yaro ya rungume filo,
ga kalmominka huɗu da jan fenti:
Kwanta lafiya, tashi lafiya.
Kwandasta na zagin mai babur, ana ta hon,
ni kuwa wuyana ya ƙage wajen kallon sama.

Ina nan daren da aka haife su.
An ɗauke wuta, janareto ya yi tari ya mutu,
ofishin Ikeja ya koma tanda.
Ka rubuta su a bayan takardar tsire,
mai ya cinye rabin kalma.
Ka ce, "Sadisu, talla ba ihu ba ce,
sallama ce.
Yi ta da ladabi, masu gida za su amsa."

Da safe, gaban masu kamfani da kwat-kwat ɗinsu,
ka nuna ni da biro:
"Wannan yaron ne ya kawo ta."
Ƙarya ka yi, Allah Ya yafe maka.
Da ƙaryar nan aka tabbatar da ni a aiki,
da ita na yi aure,
da ita nake biyan haya har gobe.

Ba zan wanke ka tas ba, ba ka son haka.
Kai ne sarkin latti.
Motarka sai an tura, kullum mu ne jakunanta.
Labarin ɓeran da ya shiga situdiyo
ka ba mu shi sau ɗari, kana riga mu dariya.
Ka ci bashi don ka yi kyauta,
Ngozi mai lissafi ta yi faɗa har ta gaji,
ta koma ɓoye maka albashinka a durowa.

Kwano ɗaya na wake da burodin Agege,
sai ka ce hannu biyar bai yi masa yawa ba.
Ka yi wa Mama Ronke ciniki da Yarabanci,
ka biya fiye da kuɗin da ta faɗa.

Ran da muka kai ka,
layin gidanku bai ɗauke mu ba.
Masu hula, masu ashoke, masu sarƙar giciye,
sai ga wasu samari su bakwai,
gam bai gama fita daga farcensu ba:
masu hawa sama su manna alluna.
Ɗaya yana ɗingishi. Ya ce shekara uku ke nan
da ya faɗo daga ƙarfe a Ojota,
wani ya biya asibiti, ya hana a faɗi suna.
Sai a ranar nas ɗin ta gaya masa.

Kai da ka yi shekara ashirin kana tallar kayan mutane,
naka ko a rediyo ba mu ji ba.

Mun kwantar da kai babu katifa,
ƙasa ja, jiƙaƙƙiya da ruwan daren jiya.
Na so in ce wani abu, gwanin magana wai,
bakina bai sami komai ba
sai kalmomin nan huɗu.

Ƙarshen wata kwangilar allon za ta ƙare.
Za su sauke ka, su naɗe, su hau da sabo.
Tallar shinkafa ce, ni aka ba.
Kwana tara ke nan takarda na kallona.
Kofinka yana nan inda ka bar shi,
da zoben shayi a gindi, mai shara ta ƙi wankewa.

Akwai wata sabuwar yarinya, Asabe, daga Idi-Araba,
ba ta magana a mitin, tana dai rubutu a gefen littafi.
Jiya na leƙa.
Gobe zan nuna ta da biro.

An saki hanya. Direba ya ja.
Allah Ya sa ka tashi lafiya.